Sabo turken wawa: duniyar wasan labari ta fi gidan Donjons et Dragons faɗi

Yau za mu ɗan ajiye zancen farashin hatsi da na albashi, mu ɗauko wata magana wadda a ido wasa ce, amma a cikinta akwai ciniki, akwai ikon mai dukiya a kan ƙananan masu sana'a, akwai kuma tarbiyyar tunanin yara. Maganar ita ce ta abin da Faransawa ke kira jeu de rôle, mu kuwa za mu kira shi wasan labari. Wanda ke da ɗa a jami'o'in Faransa, ko ƙane mai yawan kallon finafinan Amurka, mai yiwuwa ya taɓa jin sunan Donjons et Dragons. Abin da muke so mu nuna shi ne, wannan suna da ya cika kunnuwa rumfa ɗaya ce tak cikin babbar kasuwa, kuma wanda ya tsaya a bakinta bai shiga ciki ba, ya cuci kansa.

Ga yadda abin yake. Mutum 4 ko 5 su zauna kewaye da tebur, kowa da takarda da alƙalami. Ɗaya daga cikinsu, wanda za mu ba sunan madugu, shi ke bayyana wuri da halin da ake ciki: ga gari, ga hanya, ga baƙon da ya tare ku a ƙofa. Sauran kuwa kowa ya riƙi mutum guda a cikin labarin, ya yi magana da bakinsa, ya yanke shawara a madadinsa. Idan wani ya ce zai tsallake rijiya ko zai shawo kan mai gadi, kuma ba a san ko zai iya ba, sai a jefa ɗan ludo, dokar wasan ta faɗi abin da ya faru. Ba a zuba kuɗɗi, babu mai ci babu wanda aka cinye, saboda haka abin ya yi nisa da caca. Ya fi kusa da tatsuniyar da masu saurare ke da baki a cikinta, ko wasan kara na Damagaram inda samari ke ɗaukar matsayin manya suna kwaikwayonsu, sai dai a nan ba a tashi daga zaune, kuma akwai littafin doka.

Gidan da kowa ya fara sauka

A shekarar 1974 ne wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da Dungeons & Dragons ta hannun ɗan ƙaramin kamfani mai suna TSR, a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin. Bugun farko kwafi 1,000 ne, ƙananan littattafai 3 a cikin kwali, a kan dalar Amurka 10. Asalinsa wasan yaƙi ne da ake yi da ƴan mutum-mutumin soja a kan tebur, musamman wanda ake kira Chainmail na 1971. Sabon abin da suka kawo shi ne, maimakon mutum ya ja runduna, sai ya riƙi jarumi guda: mayaƙi, ko mai sihiri, ko makamancinsu, su shiga kogo su kashe dodanni su kwaso zinariya.

Wasan ya yi kasuwa. A 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR, a 1999 kuma Hasbro, mai wasan Monopoly, ya haɗiye Wizards ɗin. Bugu na 5 ya fito a 2014, ya kuma samu talla kyauta daga shirin Critical Role da aka fara yaɗawa ta intanet a 2015, da fim mai dogon zango Stranger Things na 2016. Kafin wasan ya cika shekara 50 a 2024, sunansa ya riga ya zama kamar Omo a bakin matanmu, wato sunan kaya guda da ya rufe na dukan sauran. Mutane da yawa a Turai da Amurka ba su san akwai wani wasan labari bayansa ba.

Dalilan da ke riƙe mutum a gidan ba ɓoyayyu ba ne. Na farko kuɗɗi: manyan littattafan bugu na 5 guda 3 ne, kowane ya fito a kan kusan dalar Amurka 50, jimla abin ya haura jikka 70 na sefa, wanda kuwa ya kashe haka ba ya son a ce masa ya sake sayen wani. Na biyu wahala: ya ɓata watanni yana haddace dokoki, yana zaton kowane wasa haka nauyinsa yake. Na uku abokai: in ka nemi ƴan wasa, waɗanda suka san wannan ɗin su za ka fi samu. Duka ukun hujjoji ne, amma a ƙarƙashinsu akwai abin da Bahaushe ya riga ya raɗa wa suna, sabo turken wawa.

Doka ita ke jan labari

Wani zai ce, to mene ne laifi, tun da labari daga kan mutane yake fitowa? Kowane ma'aikaci ya san amsar. In a ofis ana ƙara wa mutum girma saboda yawan takardun da ya sa wa hannu, takardu za su yi yawa ko da aiki bai ci gaba ba. Mutum yana bin abin da ake saka masa a kansa. Haka yake a tebur. A bugun farko na Donjons et Dragons, kowane tsabar zinariya da jarumi ya fito da ita daga kogo tana ba shi maki guda, maki kuma su ke ɗaga shi mataki. A bugun baya-bayan nan an fi samun makin ta hanyar cin dodanni a faɗa. Ɗaya daga cikin manyan littattafan nan 3 ma kundin dodanni ne daga farko har ƙarshe. Faɗa yana da babi mai tsawo, da lissafin taku da na sara, alhali sulhu tsakanin dangi biyu, ko cinikin raƙumi, sau da yawa jifa ɗaya ce ta ɗan ludo mai fuska 20, an wuce wurin.

Sakamakon haka, ko madugu ya shirya labarin gado ko na bashi, ƴan wasa za su duba takardarsu su ga abin da aka fi tanadar musu takobi ne, sai su zare shi. Yaron da ya shekara 5 a wannan tebur ya koyi haɗin kai da lissafi da ƙarfin hali, wannan gaskiya ne. Amma ya kuma saba da labari iri ɗaya, inda baƙo abin kashewa ne, dukiyarsa ganima, girma kuwa ƙaruwar ƙarfin dantse. Labari ne mai daɗi, sai dai ba shi kaɗai ɗan Adam ke da shi ba.

Zanen aro ba ya rufe katara

Akwai kuma darasi na ƴan kasuwa. A shekarar 2000 kamfanin Wizards ya fitar da wata takardar izini mai suna OGL, wadda ta ba kowa damar buga littattafai bisa dokokin wasan ba tare da biyan ko dala ba. Ɗaruruwan ƙananan masu buga littafi suka gina sana'arsu a kan wannan alkawari, har wani kamfani mai suna Paizo ya fitar da wasansa Pathfinder a 2009 bisa wannan tushe. Shekara 20 da ɗoriya ana haka.

A farkon Janairun 2023 sai wani daftari ya fita daga cikin kamfanin ya faɗa hannun ƴan jarida. A cikinsa ana shirin soke tsohon izinin, a kuma karɓi kashi 25 cikin 100 na abin da ya haura dalar Amurka 750,000 a cinikin shekara na duk mai amfani da sabon. Mutanen da suka ɗauka filin nasu ne suka farka suka ga ashe haya suke zaune. Masu wasa suka yi ca, da yawa suka janye kuɗɗin da suke biyan kamfanin wata-wata ta intanet, Paizo kuma ya ba da sanarwar cewa littafinsa da ya tanada na wata 8 ya ƙare cikin mako 2. Ranar 27 ga Janairu kamfanin ya janye, ya ma saki jigon dokokin a ƙarƙashin izinin Creative Commons wanda ba ya sokuwa. An yi nasara, amma wanda ya taɓa dogara da dillali guda ya san abin da ya rage a zuciya bayan irin wannan rana. A watan nan ne dubban mutane suka fara tambayar abin da ya kamata su tambaya tun tuni: me ke cikin sauran rumfunan?

Zagayen kasuwa

Mu fara da rumfar da za ta burge Alhazan Maraɗi. A 1977 Marc Miller ya fitar da Traveller, wasan fatauci tsakanin taurari. Jarumi a nan ba yaro ba ne mai neman suna. Tsohon soja ne ko tsohon ma'aikacin jirgi da ya yi aiki zango-zango na shekara 4, kuma a bugun farko yana iya mutuwa tun ana cikin rubuta tarihinsa, kafin a fara wasan. Ƴan wasa sukan mallaki ɗan jirgin kaya da bashin banki: a biya kashi 20 cikin 100 a hannu, sa'an nan wata 480, wato shekara 40, kowane wata kashi ɗaya cikin 240 na farashin. Mai lissafi ya riga ya gano an biya jirgin fiye da ninki biyu. Kowace tafiya tsakanin taurari mako guda ce, ga mai, ga albashin ma'aikata, ga kayan da aka saya da arha a nan ana fatan su yi tsada a can. Idan ƙarshen wata ya matso aljihu babu komi, sai wani ya zo da kaya marasa takarda da farashi mai kyau. Babu dodon da ya kai wannan tambaya tsoratarwa, kuma dokar wasan ce da kanta ta haife ta.

Ma'aikata kuwa ga tasu rumfar. Paranoia, na shekarar 1984, wasan ba'a ne a kan mulkin takarda. Wani birni ne a ƙarƙashin ƙasa da wata kwamfuta mai taɓin hankali ke mulka, ta raba jama'a daraja-daraja da launi, ta kuma wajabta wa kowa farin ciki. Ana aika ƴan wasa aiki da umarni masu karo da juna da kayan aiki da ba a gwada ba, a kuma nemi su cike takardu a kan duk abin da ya lalace. Kowanensu a ɓoye ɗan wata ƙungiyar asiri ce da aka haramta, saboda haka kowa na neman ya tona wani kafin a tona shi. Mutum yana da rai 6, domin an san zai yi ta mutuwa. A nan faɗuwa ita ce abin dariya, rahoton bayan aiki kuma, inda kowa ke ɗora wa wani laifi, shi ne zuciyar wasan.

Ta uku ita ce wadda Faransawa suka runguma. Sandy Petersen ya rubuta Call of Cthulhu a 1981 wa kamfanin Chaosium, bisa labaran ban tsoro na marubucin Amurka H. P. Lovecraft, kamfanin Jeux Descartes kuma ya fito da shi da Faransanci a 1984 da sunan L'Appel de Cthulhu. Jaruman malaman jami'a ne, da likitoci, da ƴan jarida na shekarun 1920. Babu mataki, babu maki. Kowace ƙwarewa kashi ce cikin 100: in iya bincikenka a ɗakin karatu 60 ne, sai jifarka ta faɗi 60 ko ƙasa. Ƙwarewa tana ƙaruwa ne in an yi amfani da ita, hankali kuwa yana raguwa duk lokacin da mutum ya ga abin da bai kamata ya gani ba. Wato ilimi yana da farashi, wanda ya zare bindiga kuma galibi shi ke fara mutuwa. A Japan wannan wasa ya fi Donjons et Dragons karɓuwa. Ya kamata a sani cewa Lovecraft mutum ne mai ƙyamar baƙar fata, kuma hakan ya fito a rubutunsa. Amsar da wani Baƙar fatar Amurka, Chris Spivey, ya bayar ita ce littafin Harlem Unbound na 2017, wanda ya mai da Baƙaƙen unguwar Harlem su ne jaruman labarin.

Ta huɗu sai mun ɗan yi lissafi. Ɗan ludo mai fuska 20 kowace fuskarsa kashi 5 ce cikin 100, amsarsa kuma biyu ce, ka ci ko ka faɗi. A 2010 Vincent Baker da Meguey Baker suka fitar da Apocalypse World, inda ake jefa ƴaƴan ludo 2 irin na gida a haɗa. In jimla ta kai 10 ko fiye, ka samu abin da kake so. In ta tsaya a 6 ko ƙasa, abu ya ɓaci, madugu ya ƙara maka wata matsala. In kuwa tsakanin 7 da 9 ce, ka samu amma da asara: ka tsallake da kayan, an gane fuskarka. Cikin hanyoyi 36 da ƴaƴan ludo 2 ke iya faɗuwa, 6 ne ke ba da nasara tsantsa, 15 faɗuwa, 15 kuma wannan nasara mai tabo, kafin a ƙara ƙwarewar jarumi. Duk wanda ya taɓa fitar da kaya daga duwan ko ya bi takarda ofis-ofis ya san rayuwa a tsakanin 7 da 9 take. Wasanni masu yawa sun ari wannan tsari daga baya.

Sauran rumfunan sai mu wuce su da sauri. Jamusawa suna da nasu tun 1984, Das Schwarze Auge, wanda Faransawa suka sani da L'Œil noir. Japanawa sun yi Sword World a 1989 da ɗan ludo mai fuska 6 kaɗai. Faransa ta haifi Rêve de Dragon na Denis Gerfaud a 1985. Amber na 1991 ba ya amfani da ɗan ludo sam. Fiasco na 2009 ba shi da madugu, mutum 3 zuwa 5 su gama labarinsu a zama ɗaya. Lasers & Feelings na John Harper kuwa dokarsa duka shafi ɗaya ce, kyauta.

Sake wa tuwo suna

A nan ne masu neman sauyi suka fi yin tuntuɓe. Mutum ya gaji da kogo da dodo, sai ya sayi littafin da ya kai shi wata ƙasa, amma dokar tana nan yadda take. A 2002 kamfanin Atlas Games ya buga Nyambe, duniyar da aka gina bisa tarihi da tatsuniyoyin Afirka. Aiki ne na ƙwazo, kuma a lokacinsa abin yabo ne. Sai dai a kan dokokin Donjons et Dragons aka ɗora shi, saboda haka mataki na nan, maki na nan, faɗa na nan a tsakiya. An sake riga, mai rigar bai sake ba.

A ɗauka wasu ɗalibai a Yamai ko Tawa suna so su buga labarin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro a zamanin da, ko ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma. Abin da ke cikin irin wannan tafiya shi ne ruwa da guzuri, lafiyar dabbobi, kuɗɗin fito a ƙofar kowane sarki, amana tsakanin madugu da jama'arsa, da farashin da za a tarar. Dokar da ta san sara da suka kaɗai za ta mai da ayarin rundunar yaƙi kafin zango na uku. Wasan Japan mai suna Ryuutama, na Atsuhiro Okada a 2007, wanda akwai shi da Faransanci, ya fi kusa da buƙatarsu: jarumansa ɗan kasuwa ne, da manomi, da mai magani, da maƙeri, kuma kowace rana ana duba lafiyar matafiyi, da hanya, da inda za a kwana. Ko kuma su ari lissafin bashi da riba na Traveller. Ma'aunin ke nan: kafin a sayi littafi, a tambaya me dokarsa ke saka wa mutum a kai, me kuma ke faruwa in an faɗi.

Kada a ɗauka muna cewa a watsar da tsohon gida. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma in ana son labarin jarumtaka da faɗa mai tsari, Donjons et Dragons gwani ne a fagensa. Akwai ma gaskiya a wurin masu cewa yawan tsalle daga wasa zuwa wasa yana hana labari yin zurfi, domin akwai teburan da suka shekara 10 a kan labari guda, abin da ba a samu a zama ɗaya. Amma wanda ya zagaya ya dawo ya zauna da saninsa, daban yake da kifin rijiya.

Ga mai son gwadawa, shawararmu kaɗan ce. Kada a rushe labarin da ake ciki, a keɓe dare ɗaya a wata domin baƙon wasa. A fara da gajere wanda ke ƙarewa a zama guda. Kamfanoni da yawa, har da Chaosium, suna ba da taƙaitacciyar doka kyauta ta intanet, saboda haka ba sai an kashe jikka ko ɗaya ba kafin a ɗanɗana. Wanda ya kawo shawarar shi zai karanta dokar ya ja wasan, kada ya ɗora wa madugun da ya riga ya gaji. A buga wasan yadda aka rubuta shi sau 2 ko 3 kafin a fara yi masa gyara da dokokin da aka saba, in ba haka ba tuwon jiya za a sake ci. A ƙarshe a zauna a tambayi juna abin da wannan doka ta sa aka yi wanda ba a taɓa yi ba.

Iyaye kuma da ke ganin yara sun duƙufa a kan irin wannan wasa, tambayar da ta fi amfani ita ce wane iri suke bugawa, kuma ko sun taɓa gwada wani. Ƴaƴan ludo 2, da kaye, da bik, sun isa a buɗe wasu daga cikin ƙofofin da muka ambata, kuma duka akwai su a kasuwar kowane gari. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Mu kwana nan. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.